Na kira layin kai ƙara a asirce na merinmu

Atamfa da shadda nake sayarwa a kasuwar garinmu, ba nisa da Garwa, shekara goma sha ɗaya ke nan a rumfa ɗaya. Ba zan faɗi sunan garin ba, tunda a asirce na kira kuma ina so maganar ta zauna haka.

Bayan damina na lura tiken kuɗin wuri da ake ba mu ya zama iri biyu. Ɗaya yana da lamba a kusurwa da hatimin meri, wato ofishin magajin gari, raɗau. Ɗayan takarda ce mai laushi, hatimin a dishe, lambar da aka ba ni ran Litinin ita ce aka sake ba ni ran Alhamis. Na tara guda bakwai a gwangwanin maɓallai, duk lamba ɗaya. Sefa 100 ne a rana. Ga mai rumfa ba komai ba ne, amma matan da ke baza kayan miya a bakin hanya su ma suna biya, wata ma kafin ta yi cinikin fari. Kuɗin nan ne ya kamata ya kwashe shara ya buɗe magudanar da ke cika mana layi da ruwa duk watan Agusta.

Meri ta manna lambar layin a ƙofar kasuwa, da Faransanci da Fulatanci. Sati uku ina wuce ta. A Kamaru ba a ba ka layin MTN ko Orange sai ka nuna katin ɗan ƙasa, don haka lambarka sunanka ce. Mai yankan tiken kuma ɗan unguwarmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa da asuba, na je sunan 'yarsa. Ban so ya tozarta ba, ban kuma so a ce ni ne ba.

Ɗana ne ya nuna mini yadda ake sa #31# a gaban lamba don kada tawa ta fito. Kiran ya shiga duk da haka, kuma wannan shi ne abu na farko da na yaba. Wata mata ce ta ɗauka. Ta fara da Faransanci, ta koma Fulatanci, da ta ji ina laluben kalmomi sai ta ce, "Baba, yi Hausarka, ina ji." Ba ta tambayi sunana ba, ba ta tambayi abin da nake sayarwa ba. Wace kasuwa, waɗanne ranaku, ƙarfe nawa, nawa ake karɓa, akwai shaida a hannu? Da na fara cewa kowa ya san halin mutumin, ta tsayar da ni cikin ladabi: "Baba, abin da idonka ya gani kawai za mu rubuta." Na ji daɗin wannan ƙwarai. A gari irin namu, layin da ke karɓar jita-jita zai zama sandar dukan abokin gaba cikin wata guda.

Daga ƙarshe ta ba ni lamba mai alƙaluma shida, ta ce ita ce sunana a wurinsu. In zan sake kira, ita zan faɗa. In zan kawo tikitin, in rubuta ta a bayan ambulan in jefa a akwati.

A nan aikin ya fara tangarɗa. Akwatin yana ƙofar meri, dab da bencin mai gadi. Duk wanda ya jefa takarda, an gan shi. Sai da na jira ranar Juma'a, lokacin da kowa ya nufi masallaci, sannan na lallaɓa. Da an sa shi a tashar mota ko a bakin asibiti, inda kowa ke da dalilin zuwa, da tsoron ya ragu. Na biyu, kiran ba kyauta ba ne, ya cinye mini kuɗin waya. Na uku, a lokacin aikin gwamnati kaɗai ake ɗauka, bakwai da rabi zuwa uku da rabi, daidai lokacin da ɗan kasuwa ke kewaye da maƙwabta masu kunne. Ni a bayan shagon wani mai gyaran babur na tsaya na kira.

Abin da ya fi damuna shi ne inda wayar take. A cikin ginin meri ake ɗaukar ta. Ƙara a kan mai yankan tike za ta wuce, amma in a kan mai sa hannu ce fa? Kuma murya ba ta ɓuya a ƙaramin gari. Shi ya sa duk wanda ƙararsa ta shafi manya nake ce masa ya kira 1517, layin kyauta na CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci da aka kafa a 2006, wadda ke Yawunde, nesa da masu sanin muryarsa. Tun dokar 2019 da ta ƙara wa ƙananan hukumomi iko, ayyukan da ke hannun meri sun yi yawa, ya kamata mai sauraron ƙara ya zama ba a ƙarƙashin magajin gari yake ba.

Bayan kwana goma sha tara na sake kira da lambar nan mai alƙaluma shida. Matar ta ce an karɓi ambulan, ana dubawa. Sati biyu bayan haka aka kawo sabbin tikiti masu lamba bi da bi, aka mayar da mutumin wani aiki. Har yau muna gaisawa. Ba wanda ya zo ya gaya wa 'yan kasuwa nawa aka gano ko ina kuɗin ya shiga, kuma ina ganin haƙƙinmu ne a faɗa, ko da a allon ƙofar kasuwa ne.

Shekaranjiya Hajiyar da ke sayar da daddawa kusa da ni ta ce mini, "Alhaji, ka ga tiken ya gyaru?" Na ce na gani. Ta ce saura mai karɓar kuɗin shara a unguwarsu, wanda ba ya ba da takarda ko kaɗan. Na rubuta mata lambar layin a bayan kwali, na sa #31# a gaba, na ce ta fara tara ranaku da adadin abin da ta biya.