Kwabon 1797 da na ci a gwanjo: an goge shi, ba a faɗa ba

Wata biyar na yi ina fakon wannan kwabo. Duk gwanjon tsofaffin kuɗi da aka buɗe ta intanet a Ingila sai na leƙa, in taya, wani ya ɗora a kaina, in haƙura. A watan jiya Allah ya nufa na ci guda a wani gidan gwanjo da ba zan kama suna ba. Ƙwaya ɗaya ce mai darajar kwabo biyu, ta tagulla, kwabon zamanin Sarki George na uku, bugun 1797, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da tayar amalanke saboda kaurin bakinsa.

Ranar da ya iso, gaskiya na ji daɗi. Sun naɗe shi da kyau, ba abin da ya same shi a hanya. Na daɗe da sanin cewa nauyinsa na asali oza biyu ne, wajen giram 56, amma karantawa daban, ɗora shi a tafin hannu daban. Ni da na fara wannan sha'awa da aninai masu huda da tauraro da na tsinta a akwatin kakana, ban taɓa riƙe ƙarfen kuɗi mai nauyi haka ba. Na aza shi a sikeli, ya ba ni giram 55 da 'yan kai, daidai da abin da ya sha hannu shekara fiye da 200. Na duba ƙarƙashin garkuwar Britannia, wato hoton matar da ke zaune a bayan kwabon, ga kalmar SOHO 'yar mitsitsiya, sunan masana'antar Matthew Boulton ta kusa da Birmingham inda aka buga shi da injin tururi. Ba jabu ba ne. A daren nan har na kira abokina na ce masa na samu gidan da zan riƙa hulɗa da su.

Da gari ya waye na fito da shi tsakar gida, hasken rana ya sauka a kansa, sai gabana ya faɗi. Tagullar da ta tsufa a kan kanta launin busasshen dabino take yi, duhu mai laushi, bai ɗaya ko'ina. Haka ya fito a hotonsu. Wanda ke hannuna kuwa, kuncin sarkin da kafaɗarsa jajaye ne kamar wayar lantarkin da aka feƙe yanzu. Na ɗauko gilashin ƙara girma. Ƙananan zane birjik a filin da ke gaban fuskar, duk sun miƙe gefe guda, sawun tsumma ne ba sawun yawo a aljihu ba. Rubutun wannan kwabo nutsattse ne a cikin bakinsa, to a cikin ramukan haruffan ga busasshen farin maganin goge ƙarfe nan maƙale. Wani ya zauna ya dirje shi kamar yadda ake dirje tasa da toka da lemun tsami, sannan aka shafa masa wani abu don ya yi duhu. Ban gama jin wannan ba na ga bakin ta ƙasa an bi shi da magagari. Kowa ya san irin wannan kwabo da wuya ka same shi ba tabo a baki, ga nauyi ga taushin tagulla, in ya faɗi sai ya lotsa. Da sun bar mini lotsawar wallahi da na fi so.

Ko kalma ɗaya a kan gugar nan babu a bayaninsu. Cewa suka yi yana da kyau, ƙananan tabo ne kawai a baki. Da wannan bayani na taya, da shi na yi ta ja da wani mutum har na wuce iyakar da na yanka wa kaina sau biyu. Kwabon da aka goge darajarsa faɗuwa take yi warwas, kuma launin nan ba ya dawowa a rayuwar mai shi. Mutanen da kullum tsofaffin kuɗi ke bi ta hannunsu ba za su ce ba su gani ba, tunda ni ɗan koyo na gani da fitowar rana ɗaya.

Na rubuta musu da hotuna. Ba zan zalunce su ba, sun amsa cikin kwana biyu, da ladabi kuma. Suka ce ƙa'idarsu jabu kaɗai suke karɓa a mayar, maganar kyau ko rashinsa ra'ayi ne, wai da na nemi ƙarin hoto kafin ranar gwanjo. Sun yi tayin in aika musu su sake sayar mini ba tare da sun cire la'adarsu ba. Da farko na ɗan sauko. Da na zauna na yi lissafi sai raina ya sake ɓaci. La'adar mai saye da suka ɗora a kan kuɗin da aka sallama mini ba za ta dawo ba, haka kuɗin aike da na canji, kuma ni zan biya na mayarwa. Sai kuma na tuna rabin kwabon 1806 da na saya a wajensu bara, wanda ya zo da ɗigon kore a gefen da ba su haska sosai ba, na yi shiru don kuɗinsa ba yawa. Ashe ba ranar aka fara ba.

In kuma na mayar, da wane bayani za su sa shi a kasuwa? Na tambaye su ko za su rubuta cewa an goge shi. Yau kwana tara ba amsa. Kwabon yana nan a ambulan ɗinsa, ban haɗa shi da sauran ba, kuma na cire sunana daga gwanjonsu na wata mai zuwa.