Tsohuwar amfilifayar jita ta rage murya: a gyara ko a sayi wata?

A Bauchi, amfilifayar jita, wato na'urar da ke ƙara wa jita sauti, ba abin da ake canjawa kowace shekara ba ce. Wadda ke cocin unguwa, ko sitidiyo, ko hannun masu kiɗan biki, sau da yawa ta girmi yaron da ke kaɗa jitar. Ranar da muryarta ta dushe, an murɗa bolum har ƙarshe amma ganga na danne ta, sai shawara ta rabu. Wannan ya ce a kai wa mai gyara, wancan ya ce a haɗa kuɗi a aika Alaba ta Legas a sayo wata. Ni dai shawarata, kada a taɓa asusu sai an yi gwajin da ba ya cin ko sisi, domin da yawa daga cikin waɗanda ake jingine wa a lungu datti ne kawai ya shaƙe su.

Ka fara aro wata waya da wata jitar ka gwada. Idan jitarka mai batir ce, canja mata batirin nan mai bolt 9. Sannan ka sa mitar auna ƙarfin wuta a soket. Wutarmu bolt 230 ya kamata ta kai, amma kowa ya san yadda take zuwa da yamma, kuma amfilifayar da ba ta samu wuta isasshiya ba sautinta kan yi rauni, ya riƙa fashewa tun ba a ɗaga shi sosai ba. In ta dawo daidai a kan janareta mai kyau, sitabilaiza kake buƙata.

Wurin da aka fi mantawa yana bayanta, ramuka biyu da aka rubuta wa Send da Return. Ko ba ka taɓa amfani da su ba, sauti yana ratsa wani ɗan ƙarfe da ke cikinsu. Ƙurar hunturu da laimar damina sukan sa ƙarfen ya yi tsatsa, sai sauti ya riƙa raguwa yana dawowa. Ɗauki gajeriyar waya ka haɗa ramukan biyu. Idan murya ta tashi nan take, ka gano cutar, maganinta kuma feshin wanke kayan lantarki. Ramin da ake sa abin saurare na kunne ma yakan yi haka, haka su ma maɓallan murɗawa idan suna ƙara kamar ana taka yashi.

Abin da ya wuce nan na mai gyara ne, kuma da gaske nake. Manyan kafasita na ciki suna riƙe wuta bayan an cire filogi, a amfilifaya mai ƙwan gilashi (irin wadda ƙwayaye masu kama da ƙwan fitila ke ƙara mata sauti) har sama da bolt 400. Wannan yana kisa.

Gyara shi ne zaɓin da na fi so idan amfilifayar mai taransista ce, wato marar ƙwan gilashi, ta kamfanin kirki. Kafasita suna bushewa bayan shekaru masu yawa, dalma tana tsagewa a ƙasan ramin jita saboda jijjiga da yawan soke waya, lasifika tana gajiya. Duk wannan mai gyaran rediyo da ya san hannunsa, a Wunti ko Yelwa, zai iya. Ka dai roƙe shi ya duba lambar da ke jikin lasifikar kafin ya canja ta. Om ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta: idan ta om 8 ce ya sa mai 16, ƙarfin da taransista ke bayarwa zai ragu kusan rabi, in kuma ya sa wadda ta gaza abin da aka rubuta a baya, amfilifayar za ta yi zafi har ta ƙone.

Mai ƙwan gilashi, wadda masu gyara ke kira bawul, lissafinta daban ne. Ƙwayayen suna tsufa kamar yadda ƙwan fitila ke yi, musamman manyan, irin 6L6 da EL34 da EL84. Ƙananan, 12AX7, sun fi daɗewa. Manyan bibbiyu ake canja su, waɗanda aka auna suka yi daidai da juna, kuma a yawancin samfura sai an sake saita wutar da ke shiga musu. Ba a kuma kunna irin wannan amfilifaya babu lasifika a jone, taransifomarta na iya ƙonewa. Ƙwayayen sai an yi odarsu daga nesa. Wanda ya gaji amfilifayar kamfanin Fender mai bawul ya gyara abarsa, sautinta ya cancanci wahalar. Amma wanda zai riƙa ɗora kaya a Keke Napep zuwa biki a Dass ko Tafawa Ɓalewa, ban ba shi shawarar ya sayi irinta ba.

Idan sayen ya zama dole, tokumbo mai taransista ita ce ta dace da yanayinmu. Peavey Bandit 112 misali ce mai kyau: wat 80, lasifika inci 12, jiki mai jure duka, kuma kayan cikin tsofaffinta manya ne da ake iya cirewa da dalma a sa wasu. Roland JC-120, wadda ake ƙerawa tun 1975, sautinta garau yake, sai dai nauyi da tsada. Kafin ka biya, juya ta ka karanta farantin baya. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 suke ci. In ka jona kai tsaye ka ƙona ta, in kuma taransifomar rage wuta da aka haɗa ka da ita ƙarama ce, za ka dawo kan matsalar da ka guje wa. Na Turai, masu 220 zuwa 240, su ne namu.

Sabuwa kuwa, irin Boss Katana 50 da ta fito a 2016, ba ta da nauyi kuma ta zo da salon sauti iri-iri a cikinta, ba sai ka sayi na'urorin canja sauti da ake takawa da ƙafa daban ba. Tana da maɓallin rage ƙarfi zuwa wat 25 ko rabin wat, don haka mai ita ya fara duba shi kafin ya ce ta lalace. Damuwata da irinta ɗaya ce: cikinta kwamfuta ce, ranar da wuta ta buge allon, gyaran ya fi ƙarfin yawancin shagunanmu. Kada a jona ta babu sitabilaiza.

Lambar wat ma kada ta ruɗe ka. Mai wat 100 ba ta ninka mai 50 a kunne ba, bambancin kusan desibel 3 ne a ma'aunin ƙarar sauti, ɗan kaɗan. Sai ƙarfi ya ninka sau goma kunne ke jin sauti ya ninka. Marasa suna da ke rubuta dubban wat da PMPO a kwali, lambar talla ce kawai; ka nemi lambar RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai, ita ce ta gaskiya. Kuma inda akwai mikisa da manyan lasifikoki, kamar a coci, makirfo ɗaya a gaban tsohuwar amfilifaya ya ishe ta cika ɗaki.

Ranar saye ka tafi da jitarka da wayarka. Ka ce wa mai shago ya bar ta a kunne kamar rabin awa kana kaɗawa da ƙarfi, domin tsagaggiyar dalma da gajiyayyen ƙwai sai sun yi zafi suke nuna halinsu. In ya ƙi yarda, je shago na gaba.