Bargon da na saƙa a Minisota: wasiƙa zuwa ga Yayata a Jos

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, yaya sanyi? Ina fatan Inna da yara duk suna lafiya.

Kin tambaye ni a waya wai da gaske ni na saƙa bargon da kika gani a hoto, ni da kika sha fama da ni a tsakar gidanmu na Gangare, in yi layi uku ki sa in warware biyu. Wallahi ni ce. Abin da dundunki bai koya mini ba, sanyin jihar Minisota ta Amurka ya koya mini. Mu 'yan Jos da muke yi wa Kanawa kuri da sanyi, ashe wasan yara muke yi. A nan Miniyapolis, cikin Janairu, ma'auni kan sauka ƙasa da sifili da 20, gashin hancin mutum ma daskarewa yake. A Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 an yi magariba. Dare ya yi tsawo, ba maƙwabciyar da za ta leƙo da sallama, sai na ɗauko kibiyar saƙa.

Irin wannan bargo su afgan suke ce masa. Sunan daga Afganistan ya samo asali, amma saƙar tasu ce ta Amurkawa: bargo ne na zare mai launi-launi da ake yafawa a kan kujerar falo, mutum ya ja ya rufe ƙafa yana kallo. Da wuya ki shiga gidan tsohuwa ba ki tarar da guda ba, kuma za ta faɗa miki wadda ta saƙa shi, kakarta ko gwaggonta, kamar yadda Inna take ba da tarihin lurunta na aure. Wasu da kwarashi suke yi, ƙananan murabba'ai a harhaɗa. Ni na kibiya na yi, don kwarashi ya fi cin zare.

Ranar da na fara shiga shagon zare sai da na tsaya sororo. Akwai Michaels, akwai Hobby Lobby, har Walmart ma na sayarwa. Da akwai wani babba, Joann, amma ya karye, ya rufe shagunansa wajen 800 a 2025, tsofaffin nan har yau suna jimaminsa kamar yadda muke jimamin babbar kasuwar Taminus tun gobarar 2002. Zare ne jere bango guda, ja kaɗai ya fi kala goma. Amma ba yawan ne ya burge ni ba, 'yar takardar da ke naɗe a jikin kowane dunƙule ce. An rubuta kaurin zaren da lamba, daga 0 mai siririn gashi zuwa 7 mai kaurin igiya. Na bargo yawanci lamba 4 ne. An rubuta nauyi da tsawo, da girman kibiyar da ta dace, da yadda za a wanke. Wanda na saya, Red Heart Super Saver, giram 198 ne, mita 333, kuɗinsa wajen dala 4 zuwa 5. Tun kina shago kin san dunƙule nawa zai ishe ki. Ki tuna yadda muke yi a gida: a ɗaga ulu a jinjina a tafin hannu, a matsa a ji ko iska ce a ciki, a saya da bismillah, ana tsakiyar rigar jariri ya ƙare.

Akwai kuma lambar rini. Wannan sai da na ji jiki na san ta. Na fara gwaji da wani shuɗin zare na wani kamfani, ya ƙare, na koma na ƙaro irinsa sak, suna ɗaya, kala ɗaya. Da dare a hasken lantarki ban ga komai ba, na yi ta saƙa har kusan kamu biyu. Da gari ya waye na shimfiɗa shi bakin taga, sai ga layi ɓaro-ɓaro ya raba bargon, sama shuɗin bula, ƙasa kamar an sha wanke shi. Ba tukunyar rini ɗaya suka fito ba. Na zauna ina warwarewa ina tuna mai shagonmu da ke cewa, "Hajiya, ai duk ɗaya ne, idonki ne." Ashe ba idona ba ne. Ragowar da ban taɓa ba na mayar da rasit, yarinyar ta mayar mini da kuɗina ko kallon banza ba ta yi mini ba. Gwada wannan a Taminus ki ji amsa.

Sai dai kada ki ɗauka komai nasu ya fi. Ba tayi, ba albarka, ba gyara, ba "tafi da shi kya kawo in an biya ki". Abin da aka manna shi ne, wani lokacin ma na'ura ce za ta karɓi kuɗinki. Shekara biyu ina zuwa shago ɗaya, ba wanda ya san sunana balle ya tambayi jikin Inna.

Wani abin da zai ba ki haushi: yawancin abin da muke kira ulu ba ulu ba ne, zaren roba ne, akirilik. Wanda na yi bargon da shi ma haka ne, sai dai su sun rubuta. Ulun gaske na gashin tumaki, irin na tumakin da ake kira merino wanda aka rina da hannu, giram 100 kan kai dala 25 ko fiye. In kina son ganewa, gutsuro ɗan zare ki kusanta shi da ashana. Na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Na tumaki zai yi ƙauri kamar ana babbakar kan rago ranar layya, ya zama toka mai murtsukewa. Ga kayan jarirai ni na roban na fi so, don yana jure wanki. Na tumakin in ya ji ruwan zafi da cuɗa tsukewa yake, hular uba ta koma ta jinjiri.

Kibiyarsu ta bargo biyu ce haɗe da doguwar igiyar roba, sai nauyin saƙar ya kwanta a cinya, wuyan hannu ya huta. Mai milimita 5 na yi aiki da ita. Dunƙule 7 ya ci, tsawonsa inci 60, faɗi 50, na yi wata biyu a kansa bayan isha'i.

To ga inda nake so ki buɗe kunne. Ranar Asabar nakan je laburaren unguwarmu, inda mata ke taruwa suna saƙa, ɗaki da ɗumi kyauta. Wasu suna yi wa wata ƙungiya mai suna Warm Up America, da ta faro a Wiskonsin a 1991: kowa ta saƙa yanki mai inci 7 da 9, a haɗa 49 su zama bargo, a kai wa marasa galihu. Na tambayi wata dattijuwa me ya sa ba ta sayar da nata. Ta yi dariya ta ce wa zai iya biya? Ta sa na yi lissafi. Nawa ya ci mini kamar awa 60. Mafi ƙarancin ladan awa a dokar tarayyarsu dala 7.25 ne, tun 2009. Kin ga dala 435 ke nan, ba a sa kuɗin zare ba, alhali bargon inji ana samunsa da wajen dala 20. A nan kaya araha ne, hannun mutum ne tsada. Shi ya sa na hannu kyauta ake ba da shi, ga jika ko amarya, kuma a riƙe shi da daraja.

Na nuna musu hoton shawul da hula da safar da kika yi wa jaririn maƙwabta, mai zanen ganye a baki. Wayar ta zaga ɗakin, har da masu gyara tabarau. Da na faɗi kwanakin da kika yi a kansa da abin da aka biya ki bayan an gama ja-in-ja, suka ɗauka kuskuren canji na yi. Kunya ta hana ni ƙarawa da cewa rabin kuɗin ma har yanzu bashi ne. Yaya, ki daina lissafa kuɗin ulu kaɗai ki ɗora ɗan abin cefane. Ki riƙa ƙirga kwanakinki. Wadda ta ga ya yi tsada, ga kasuwar Katako nan, gwanjo bai ƙare ba.

Akwai mai zuwa gida kafin azumi, zan ba ta kibiyar igiya biyu da kwarashi masu marfin roba a mariƙi, saboda yatsunki. Zare ba zan aiko da yawa ba, cika jaka yake a banza. Bargon na Inna ne, kada ki bari ta ninke shi ta sa a ƙasan akwati tana jiran baƙi, ta lulluɓa da shi in ta fito alwalar asuba. Ke kuma ki haɗo mini daddawa da kuka da yajin nan naki, a ɗaure da kyau. Ki gaida mai gidan da yara.

Ƙanwarki.