Sharhi bayan kallon fina-finan manyan 'yan daba huɗu a jere

Na daɗe ina jin masu sha'awar fim suna yabon wasu tsofaffin fina-finan Amurka da aka gina kan gungun masu aikata laifi, amma ban taɓa zama na kalle su da natsuwa ba sai a watan jiya, bayan na yi rajista da ɗaya daga cikin manhajojin kallon fim ta intanet. A cikin mako biyu na kalli The Godfather na 1972 da kashinsa na biyu na 1974, sannan Scarface na 1983 da Goodfellas na 1990, waɗanda tsawonsu a haɗe ya haura sa'o'i 11. Manhajar ta yi aikinta ba laifi, in ban da rubutacciyar fassarar ƙasan allo da takan makara a wuraren da ake magana da harshen mutanen tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, kuma irin waɗannan wurare suna da yawa a kashi na biyu na The Godfather. A daren farko, ina kallon The Godfather, na ɓata lokaci ina ta ƙara hasken allona bisa zaton na'urata ce ta samu matsala, sai daga baya na gane cewa da gangan aka yi duhun. Mai ɗaukar hoton, Gordon Willis, ya haska Marlon Brando, wanda ya fito a matsayin Don Vito Corleone, shugaban wani gidan Mafiya (gungun masu laifi 'yan asalin Italiya), daga sama ne domin idanunsa su faɗa cikin inuwa, ta yadda mai kallo ba zai iya karanta abin da ke zuciyar Don Vito Corleone ba.

Francis Ford Coppola ya ɗauko labarin The Godfather daga littafin Mario Puzo na 1969, ya buɗe shi da bikin auren 'yar Vito a New York a shekarar 1945. A wurin bikin muka fara ganin Michael, autan 'ya'yansa maza, wanda Al Pacino ya fito a matsayinsa, sanye da kakin soja bayan dawowarsa daga Yaƙin Duniya na Biyu, yana zaune a gefe kamar baƙo a gidan ubansa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, babu wuri guda da wannan saurayi ya buɗe baki ya ce yana son mulki, domin kowane mataki da ya taka yana tafe da uzurinsa. An harbi mahaifinsa saboda ya ƙi shiga cinikin miyagun ƙwayoyi da wani dillali mai suna Sollozzo, sai Michael ya harbe Sollozzo tare da wani babban ɗan sanda a gidan cin abinci, ya gudu Sisili, inda bom ɗin da aka ɗana masa a mota ya kashe amaryarsa Apollonia. A gida kuma an yi wa yayansa Sonny ruwan harsashi a shingen karɓar kuɗin hanya. Duk wanda yake kallo zai riƙa gyaɗa kai yana cewa ai dole ce ta sa shi, kuma ni ma haka na yi ta yi, har zuwa lokacin da yake tsaye a majami'a a matsayin uban baftismar ɗan 'yar uwarsa, yana furta cewa ya rabu da Shaiɗan, alhali yaransa suna bi ɗaya bayan ɗaya suna kashe shugabannin sauran gidajen Mafiya. A nan ne na lura cewa fim ɗin ya daɗe da sanya ni cikin masu goya masa baya ba tare da na ankara ba, kuma wannan dabara ita ce na ɗauka a matsayin babban ƙarfinsa.

Kashi na biyu ya fi na farko nauyi, kuma a ganina ya fi shi kyau, ko da yake mai gaggawa zai iya gajiya da sa'o'insa uku da 'yan kai. Coppola ya jera labarai biyu kafaɗa da kafaɗa. Na farko labarin Vito ne tun yana ɗan shekara tara, lokacin da ya sauka a tsibirin Ellis, mashigar baƙi ta New York, a 1901 bayan an kashe mahaifinsa da yayansa da mahaifiyarsa a garin Corleone na Sisili, har jami'in shige da fice ya rubuta sunan garin a madadin sunan gidansu. Robert De Niro ya nuna yadda wannan maraya ya zama mai faɗa a ji a unguwar 'yan Italiya ta hanyar tara mutane, yana yi wa wannan alheri yana ɗaure wancan da bashin mutunci, duk da cewa da kisan kai ya buɗe wa kansa hanya. Na biyu labarin Michael ne a 1958, yana zaune a katafaren gida a bakin tafkin Tahoe, da gidajen caca a Nevada da sanata a aljihunsa, yana shirin zuba jari a Havana, babban birnin Kyuba, tare da tsohon ɗan kasuwar laifi Hyman Roth, daidai lokacin da gwamnatin shugaban ƙasar, Batista, take gab da faɗuwa a ranar 1 ga Janairun 1959. Uban yana hawa yana ƙara mutane, ɗan kuwa yana hawa yana rage su, kuma mai kallo yana ganin duka biyun a lokaci guda, ya tabbatar da cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Inda labarin ya fi taɓa ni shi ne tsakanin Michael da yayansa Fredo, wanda John Cazale ya taka rawarsa da gwaninta mai ban tausayi. Fredo ba mugu ba ne, mutum ne mai rauni da aka tsallake aka naɗa ƙaninsa, aka bar shi da aike-aike da rakiyar baƙi, har ɓacin ran ya sa ya ba maƙiyan gidan wata 'yar ƙofa ba tare da ya san iyakar abin da za su yi da ita ba. Michael ya gano cin amanar a Havana a daren sabuwar shekara, ya yi haƙuri har mahaifiyarsu ta rasu, ya rungume shi a gaban jama'a a wurin makoki, sannan ya sa aka harbe shi a cikin kwalekwale yana kamun kifi. Mutumin da ya shiga wannan harka domin ya kare iyalinsa ya ƙare da korar matarsa da kashe ɗan uwansa na jini, kuma fim ɗin bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba wajen nuna haka. Ban yi mamaki ba da na ga cewa ya ci kyautar Oscar shida, ninki biyu na abin da na farko ya samu.

Scarface kuwa, wanda Brian De Palma ya ba da umarni Oliver Stone ya rubuta, bai gamsar da ni kamar yadda sunansa ya sa na zata ba. Tushensa gaskiya ne, domin a 1980 mutane kusan 125,000 sun bar tashar ruwan Mariel ta Kyuba zuwa Florida, kuma a cikinsu aka sanya Tony Montana, wanda ya fara da wanke kwanuka a Miami ya ƙare a matsayin babban dillalin hodar ibilis. Al Pacino ya yi wasa da ƙarfi, wani lokaci ƙarfin ma ya yi yawa, amma matsalata da fim ɗin ita ce Tony bai taɓa canzawa ba. Tun ranar farko yake son budurwar maigidansa da kujerarsa da dukiyarsa, kuma bai ɓoye ba, saboda haka abin da ya rage wa mai kallo shi ne jiran lokacin da motar kwaɗayin za ta isa tasharta. Wuri ɗaya ne ya ba ni mamaki, wato inda ya ƙi yarda a tayar da bom a motar da ke ɗauke da mace da yara ƙanana, kuma wannan ɗan guntun imani shi ne ya jawo masa fushin Sosa, abokin cinikinsa na Boliviya, da harin da ya halaka shi. Sauran kuwa ihu ne da ashar da ƙarar bindiga, kuma ina jin hakan ne ya sa matasa da yawa suka ɗauki Tony a matsayin gwarzo, abin da ke nuna cewa gargaɗin fim ɗin bai isa inda aka aike shi ba.

Goodfellas na Martin Scorsese ya bi ta ƙasa, ya nuna rayuwar ƙananan yaran gidan Mafiya, ta bakin Henry Hill, mutumin da ya rayu da gaske kuma ya koma ba hukuma bayanai a 1980 domin ya tsira da ransa. Henry ba zai taɓa zama cikakken ɗan ƙungiya ba saboda mahaifinsa ɗan asalin Ireland ne ba Italiya ba, don haka burinsa bai wuce a girmama shi a ba shi tebur na gaba a gidan rawa ba. Bayan fashin da aka yi a ma'ajiyar kamfanin jiragen Lufthansa a filin jirgin Kennedy a Disambar 1978, inda aka kwashe kusan dala miliyan biyar, abokan sun koma kashe juna saboda tsoron tonon asiri. Fim ne mai sauri da ban dariya mai ɗaci, kuma Joe Pesci, wanda ya fito a matsayin ɗaya daga cikin abokan Henry, ya cancanci Oscar ɗin da ya samu, sai dai bai zauna mini a rai kamar na Coppola ba.

Kafin rajistata ta ƙare na koma na sake kallon mintunan ƙarshe na kashi na biyu na The Godfather, inda aka mayar da mu Disambar 1941, 'yan uwan suna zaune a tebur suna jiran mahaifinsu domin bikin ranar haihuwarsa. Michael ya sanar da su cewa ya bar karatu ya shiga soja, Sonny ya harzuƙa, Tom Hagen, ɗan riƙon Vito, ya nuna takaicinsa, kuma mutum ɗaya tak da ya miƙa masa hannu ya taya shi murna shi ne Fredo. A kallon farko ban lura da wannan hannu ba sam.