Shekara guda da yaran amalanke masu kwashe mana shara

Shagon ɗinkina yana bakin kwalbatin da ya raba unguwarmu da kasuwa, don haka duk abin da garin nan ya zubar ta gabana yake wucewa: ledar fiya wata, ɓawon rake, tsummokara, wani lokaci har mushen kaza. Shekara 14 ina taka keke a wurin nan. Ni ne kuma ma'ajin ƙungiyar unguwa, saboda kullum aka zo nemana ana samuna a kan kujera ɗaya. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu, in sun kawo ɗinki ranar kasuwa, sai sun tambaye ni labarin yaran da muka ɗauka suna kwashe mana shara, nawa muke biya, kuma ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Na gaji da maimaitawa da allura a baki, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Daminar 2022 ce ta tashe mu daga barci. A shekarar kogin Haɗeja ya cika ya batse, kowa ya ji abin da ya sami mutanen Ringim da Auyo da Miga da Kafin Hausa. Mu kogin bai iso mu ba. Ruwan sama ne kawai ya zo wucewa ya tarar da kwalbati a toshe da leda da yashi, ya juya ya shiga gidaje. Katangar gidan gwaggona ta kwanta gaba ɗaya, ni kuma da tsakar dare na fitar da kekunan ɗinki biyu a ka, ruwa har gwiwa. Da gari ya waye wasu suna cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, amma ledar da muka zaro daga bakin kwalbatin ta cika baro tara, kuma ba daga sama ta faɗo ba.

Wani malamin firamare a cikinmu shi ya nuna mana cewa a kundin tsarin mulkin 1999, jadawali na huɗu, kwashe shara da kula da magudanan ruwa aikin ƙaramar hukuma ne, baƙi da fari. Muka rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi, muka kai sakatariya. Bayan wata uku muka sake kai wata. Kansila ya zo har ƙofar shagona, mutum ne mai fara'a, ya sha ruwa, ya ce insha Allahu abin yana cikin kasafin baɗi. Tifa ta taɓa zuwa sau ɗaya, ana jibi wani babba zai wuce ta garin, ta kwashe jujin bakin titi ta bar na cikin lungu. Dattawanmu har yau suna ba da labarin zamanin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa, ya ci mutum tara a kan kwata. Ni dai ban tarar da wannan zamanin ba.

Yaran su suka kawo kansu, bayan girbin 2023. Su biyar ne, babbansu bai fi shekara 22 ba, amalanke ɗaya da shanun huɗar mahaifinsa guda biyu. Da farko mun so mai babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500, kuɗin da ya yanka mana ya fi ƙarfin unguwa. Sa kuwa harawa da dusa yake sha. Muka daidaita a kan naira 300 kowane gida a mako, su zo Litinin da Alhamis. Gida 64 suka shiga.

A kan zuwa da wuri ba ni da abin cewa sai yabo. Ana sallame sallar asuba za ka ji ƙarar tsohon ƙarfen da suke bugawa daga bakin masallaci. Ba sa shiga gidan kowa, kuma wannan shi ya sa magidanta suka saki jiki da su. A zaure suke tsayawa, su yi sallama, su ce "a fito da shara," yara su jawo buhu ko tsohon bokiti, su juye su mayar wa mutum abinsa. Tsofaffin da ba su da yaron aike, ƙaramin cikinsu ke neman izini ya shiga ya ɗauko. Wata tsohuwa a lungunmu ba ta da ko sisi, sun fi wata goma suna kwashe mata, ban taɓa jin sun kawo mini ƙorafinta ba. Kafin ƙarfe tara sun gama unguwar. Jujin da ke bayan shagona, wanda tun ina yaro nake ganinsa, cikin mako shida ya zama fili, yanzu mai shayi ne a wurin.

Na daɗe ina mamakin yadda 300 ke isarsu, sai da na bi su wata rana. Ashe kuɗinmu na cefane ne kawai, ribar tana bayan gari. Sharar gidan ƙauye rabinta taki ce: toka, kashin awaki da na kaji, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, turɓayar tsakar gida. Suna tara ta a wani fili ta kwana biyu ta ruɓe, masu lambun albasa da tumatir a fadama su saya da rani, masu gero da dawa su saya gab da faɗuwar damina. Ba sabon abu ba ne, kakanninmu da jaki da mangala suke kai juji gona. Abin da ya canza shi ne tsadar takin zamani ta sa wanda da yake raina toka yanzu yana bin ta da kuɗi. Robobi da gwangwanaye da guntayen ƙarfe kuma suna ware su, 'yan gwangwan su auna su biya.

Matsalar tana ga leda, kuma a nan ne na fi daɗewa ina faɗa da su.

Na sayi amalanke biyu na takinsu na kai gonata. Da muka baza, gonar ta koma kamar an yi bikin suna an watse: baƙar leda, farar leda, ta fiya wata, ta omo, ta magi. Yini ɗaya da rabi ni da 'ya'yana biyu muna tsinta a duƙe. Leda ba ta ruɓewa, in ta shige ƙasa garma ta dinga tono ta shekara da shekaru, kuma inda ta kwanta saiwa ba ta ratsawa. Manoma suka fara ƙin saye, sai yaran suka koma tsince ledar kafin su tara takin. Madalla. To ina suke kai ta? Bakin kududdufin da ke bayan makarantar allo. Iskar hunturu ta taso, ledar ta dawo cikin gari tana maƙalewa a kan darni da rassan darbejiya. Da aka yi magana suka fara cinna mata wuta da magariba, hayaƙin ya dinga shiga gidaje, mai asma a maƙwabtanmu ta kwana biyu ba ta runtsa ba. Akuyar wani maƙwabcina ta yi ta ramewa tana ƙin abinci, da aka yanka mahauci ya buɗe tumbin ya zaro dunƙulen leda ya kai girman ƙwallon yara. Da idona na gani.

Na kira babbansu shago. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce, "Kai yanzu abin da muka biya ku ku raba mu da shi, shi kuka juyo mana ta bayan gida?"

Ya ce, "Kawu, wallahi ba mu ƙi ba. Ƙarfe akwai mai saye, roba akwai mai saye, taki akwai mai saye. Leda fa? Ka nuna mana inda za mu kai ta, gobe mu kai."

Na buɗe baki na rasa amsa, don gaskiyarsa ce. Fili na zubar da shara ba yaro ne zai yanka ba, ba kuma tela ba.

Aibinsu na biyu ya fi ba ni haushi, saboda ya faɗo daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Ruwa na sauka aka kwance shanun daga amalanke aka ɗaura musu garma, aka shiga huɗa. Mako uku cur ba mu ga ƙeyarsu ba, babu ko aike. Mutane suka koma zuba shara a kwata da daddare. Da suka dawo na ƙi biyan makonnin, ba su yi musu ba, amma ɓarnar ta riga ta auku. Duk wanda zai ɗauki irin waɗannan yaran, ya tambaye su tun ranar farko: in shanu sun tafi gona, da me za ku zo? Ko kura ce ta turawa, a san da ita. Yasar kwata ma ba ta cikin cinikin, sun ce wannan aiki ne daban da kuɗinsa daban. Mu muka yi gayya ranar wata Asabar da shebur da manjagara, mata suka dama kunu, su kuma suka kwashe abin da muka fitar a kan naira 4,000.

Akwai kuma namu laifin. Cikin gida 64, waɗanda ke biya ba sai na aika ba ba su wuce 40 ba. Wani yana da babur biyu amma sai ya ce a dawo jibi. Littafin yana hannuna, ba zan faɗi suna ba.

Daminar bana dai ruwa ya wuce ta kwalbatin ba tare da ya leƙo shagona ba, ko da yake ranar da aka yi mamakon watan Agusta saura kamu ɗaya ya haura. Sauro ya ragu a lungunmu, amma a gefen kududdufi yana nan yadda yake.

A rediyo muka ji cewa ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Malamin namu ya ce to lokacin takarda ta uku ya yi. Wannan karon ba mu jera buƙatu goma ba, biyu kawai muka nema: a yanka mana fili nesa da gidaje da turken dabbobi inda za a haƙa rami a riƙa binne leda, a kuma sauya kwalbatin da mai baki biyu. An karɓa an buga mata hatimi, kwafin yana cikin durowar kekena tare da zare.

Yaran kuwa mun sabunta da su, mun ƙara kuɗin zuwa 400 bisa sharaɗi biyu: ba ƙona leda, kuma da damina su zo da kura ko sau ɗaya ne a mako. Kafin a sami filin, ledar a buhu suke ɗurawa suna jibgewa a kangon gidan gwaggona da ruwa ya rushe. Jiya na leƙa na ƙirga buhu 31.