Awon TSH ko eko na wuya: wanne za a fara in kuɗin na ɗaya ne?

Wata ƴar'uwa daga unguwar Birni ta kawo tambaya a zauren nan. Wata shida ke nan tana fama da kasala, tana lulluɓa ko a tsakiyar bazara, gashi na biyo matsefi a wurin kitso, jiki na ƙara nauyi alhali cinta bai ƙaru ba, al'ada kuma ta rikice. Likita ya rubuta mata awon jini na TSH da eko na wuya don a duba tiroyid, wato ƴar tsokar nan mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, kuɗin hannunta kuwa na ɗaya ne.

Hajiya, ki fara da TSH. Awon biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Eko hoto ne. Za a shafa miki mai a wuya, a bi da na'ura, a ga girman tiroyid, a ga ko akwai ƙululu ko ruwa a ciki. Amma ba ya faɗin ko tana aiki. Akwai mai maƙoƙo ƙato da tiroyid ɗinta ke aiki lafiya lau, akwai mai wuya sumul da tata ta kusa tsayawa. Ga shi kuma mutane da yawa masu lafiya suna da ƙananan ƙululu da ba su cutar da kowa, sai hoto ya tono su, hankali ya tashi, kasalar da ta kai mutum asibiti kuwa tana nan. Eko yana shiga gaba ne idan hannu ya ji ƙululu mai tauri, ko kumburi na girma da sauri, ko murya ta dushe ta ƙi dawowa, ko haɗiya da numfashi na wuya. In da ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki jinkirta shi.

TSH shi ke faɗin aiki. Sinadari ne da wata ƴar ƙwaya a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aikawa don ta zaburar da tiroyid. Kamar mai jaki ne da sanda: in jaki na tafiya, sanda na hutawa, in ya yi nawa sai duka ya yawaita. Shi ya sa TSH mai yawa ke nufin tiroyid mai rauni, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa in sun karɓo takarda. A yawancin labo, daidai shi ne wajen 0,4 zuwa 4, amma ki bi lambobin da aka buga a gefen sakamakonki. In ya haura, sai a ƙara awon T4L, wato sinadarin da tiroyid ɗin kanta ke fitarwa. TSH sama, T4L ƙasa, cutar raunin tiroyid ta tabbata. TSH ya ɗan haura amma bai kai 10 ba, T4L daidai, galibi ba a gaggawar magani, a sake awo bayan wata 2 zuwa 3, domin sau da yawa yana komawa da kansa. Mai ciki da mai neman haihuwa su kam ba a sa su jira haka.

Awon ba ya buƙatar azumi. Ki je da safe, kuma ki riƙe labo ɗaya don a iya kwatanta sakamako. Kada ki yi shi kina tsakiyar zazzaɓi mai zafi, domin ciwo na karkatar da lamba. Masu shan ƙwayar biyotin don gashi su dakatar da ita aƙalla kwana 2 kafin awo. Kafin ki biya, ki tambaya a Asibitin Ƙasa na Damagaram ko labo mai zaman kansa ko suna da kayan awon a ranar. In da ɗan canji ya rage, a duba ƙarancin jini, shi ma yana kawo irin wannan kasalar.

Akwai wurin da TSH shi kaɗai ke yaudara. Macen da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba, wataƙila ƙwayar ƙasan ƙwaƙwalwar ce ta lalace. TSH ɗinta na iya fitowa daidai alhali T4L na ƙasa. Ta faɗa wa likita wannan tarihin tun farko, domin ita sai an duba sinadarin kortizol kafin a fara maganin tiroyid, in ba haka ba maganin na iya kayar da ita.

Idan cutar ta tabbata, maganin lebotiroksin ne, a farmasi za ki ji ana cewa Levothyrox ko Euthyrox. Cikakken ƙima ga babba mai lafiyar zuciya wajen mikrogram 1,6 ne a kowane kilo, wato mai kilo 60 tana kusa da 100 a rana. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ana fara musu da 25 ko ƙasa da haka, a hau sannu a hankali. Ana sha da ruwa zalla, ciki ba komai, minti 30 zuwa 60 kafin koko, fura da nono ko kofi. Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyum, a ba su tazarar awa 4, don suna riƙe maganin a hanji. Zafin garin nan na rage ƙarfinsa, a bar shi cikin kwalinsa a ɗaki mafi sanyi, ba cikin jaka a rana ba. Ana sake TSH bayan sati 6 zuwa 8, kafin nan lambar ba ta zauna ba. Bugun zuciya, rawar hannu da rashin barci alamar ƙima ta yi yawa ce. Yawanci magani ne na tsawon rai, kuma in ciki ya shiga ba a dainawa, ƙari ma ake yi, sai a gaya wa likita da wuri.

Masu cewa ki sayi ƙwayar aidin kawai, ki bar su. Gishiri mai aidin a miya ya wadatar, a rufe shi kada ya sha rana. In garkuwar jiki ce ke cin tiroyid, kamar a cutar Hashimoto, yawan aidin ƙara dagula ta yake yi.