Elite Prospects: shafin da nake bin sawun yaran jami'ar da NHL ta tsallake

Duk wanda hokin ƙanƙara ya shiga ransa, ko yana zaune a Kanada da arewacin Amurka ko yana gida yana kallo ta waya, ina ba shi shawara ya ajiye shafin Elite Prospects kusa da hannu. Mutanen Suwidin ne suka buɗe shi a 1999, kuma aikinsa guda ne: ya tattara tarihin ɗan wasa tun daga ƙungiyar yarintarsa har zuwa inda ya ajiye sanda, kaka bayan kaka, a layi ɗaya bayan ɗaya. Ni a Winnipeg nake zaune, inda hirar wurin aiki ba ta wuce ta Jets, ƙungiyar hokin garinmu, kuma tun da ɗana ya fara ɗaura takalmin ƙanƙara a filin unguwarmu na ga dole in san yadda harkar take tafiya. Lokacin da na fi buɗe shafin shi ne watan Maris da Afrilu, saboda wasu yara da nake jin su a raina ƙwarai: 'yan wasan jami'a waɗanda ba ƙungiyar da ta ɗauke su a zaɓen shekara, sai daga baya aka dawo ana rububinsu.

Bari in ɗan warware wa wanda bai saba ba. Kowace shekara ƙungiyoyi 32 na NHL, babbar gasar hokin Amurka da Kanada, suna zama su zaɓi matasa a zagaye bakwai, abin da ya kama mutum 224 ko kusa da haka. Yaron da ke wasa a Amurka ko Kanada yana cikin waɗanda za a iya zaɓa daga shekara 18 zuwa 20. In ya haura 20 ba a kira sunansa ba, to ya zama mai cin gashin kansa, duk ƙungiyar da ta ga dama tana iya nemansa, shi ma yana iya cewa ba ya so. Da yawa daga cikinsu jami'a suke tafiya, su yi shekara uku ko huɗu suna wasa ranakun Juma'a da Asabar, sauran kwanakin mako suna ɗakin ɗaga ƙarfe. Yaron da aka raina yana ɗan 18 saboda ƙanƙanta sai ka gan shi yana 23 ya cika ya batse. Da zarar an fitar da makarantarsa daga gasa a watan Maris, kafin ma a kai wasannin ƙarshe na gasar jami'o'i, wato Frozen Four, a Afrilu, sai wayar wakilinsa ta fara ruri.

A nan ne shafin yake nuna amfaninsa. Ka rubuta sunan yaro, nan take za ka ga ranar haihuwarsa, garinsu, tsayinsa da nauyinsa, hannun da yake riƙe sanda da shi, sannan in an taɓa zaɓensa za a rubuta shekara da zagaye da ƙungiya. In babu wannan layin, ka san irin namu ne. Wannan ɗan layin ya raba mini gardama da abokan aiki ba sau ɗaya ba, domin mutane suna haɗa su da irin su Jimmy Vesey na Harvard. Shi Vesey ai Nashville ta zaɓe shi tun 2012, ƙin sa hannu ya yi har wa'adinsu ya ƙare, ya tafi New York Rangers a 2016. Hanyarsa daban ce da ta yaron da ya zauna gaban talabijin shekara uku a jere ba a ambace shi ba.

Shafin da na fi nuna wa mutane shi ne na Zach Whitecloud, domin ɗan jiharmu ne, haifaffen Brandon, daga al'ummar Sioux Valley Dakota. Ka bi layukan da yatsa daga sama: Virden Oil Capitals a ƙaramar gasar matasa ta Manitoba, inda masu farautar 'yan wasa ba su cika leƙawa ba, shekara biyu a Bemidji State, ƙaramar makaranta a arewacin Minnesota, sa hannu da Vegas a Maris 2018, kaka guda cur a Chicago Wolves ta gasar AHL, wadda ke ƙasa da NHL, yana koyon aiki, sannan kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 2023, inda shi ya ci wanda ya sa Vegas gaba a wasan farko na zagayen ƙarshe da Florida. Ba wani dogon yabo a shafin, lambobi ne kawai da sunayen garuruwa, amma da na zauna da ɗana muka karanta su tare sai na ga ya yi shiru yana ƙirga shekarun da yatsunsa. Haka na Neal Pionk da Alex Iafallo, waɗanda muka sha kallo a nan cikin rigar Jets. Tare suka yi wasa a jami'ar Minnesota Duluth, tare Denver ta doke su a wasan ƙarshe na ƙasa a 2017, a bazarar shekarar Pionk ya tafi Rangers, Iafallo ya tafi Los Angeles, ba wanda aka taɓa zaɓa a cikinsu. Ciniki ne ya sake haɗa su a Winnipeg, Pionk a 2019, Iafallo a 2023.

Manya-manyan kuwa an san su. Martin St. Louis ya gama jami'ar Vermont a 1997 ba wanda ya kula shi saboda gajarta, santimita 173 kacal. A shafinsa za ka ga ya fara da Cleveland Lumberjacks, Calgary ta ɗauke shi a 1998 ta sallame shi a 2000, Tampa Bay ta tsince shi, a 2004 ya zama gwarzon gasar baki ɗaya ya kuma ɗaga kofi. Ya yi ritaya da maki 1,033, kuma tun Fabrairun 2022 aka ba shi horar da Montreal. Adam Oates daga jami'ar RPI ya tara maki 1,420. Ed Belfour daga North Dakota ya tsare raga har ya shiga zauren gwaraza a 2011. Chris Kunitz daga Ferris State ya ɗaga kofin Stanley sau huɗu, ɗaya da Anaheim, uku da Pittsburgh.

Sai dai ba don waɗannan nake yaba shafin ba. Labarinsu ko'ina za ka same shi, kuma duk watan Maris 'yan jarida sai sun tono su, kamar kowane yaro da ya sa hannu shi ne St. Louis na gobe. Abin da ya sa na yarda da Elite Prospects shi ne bai yar da kowa ba. Wanda abin bai yi masa kyau ba ma shafinsa yana nan, tsawonsa ɗaya da na zakara, kuma layukan suna ci gaba bayan jaridu sun manta da shi. Ka buɗe na Drew LeBlanc. A 2013 shi ya ci kyautar Hobey Baker, wato gwarzon ɗan wasan jami'o'in Amurka gaba ɗaya, yana St. Cloud State. Chicago ta ɗauke shi, ya buga wasa biyu rak a NHL, shi ke nan. Daga nan sai Rockford ta AHL, daga 2015 kuma sai Augsburg ta Jamus, layi bayan layi, shekaru masu yawa a gari ɗaya. Jack Connolly na Duluth, wanda ya ci kyautar a 2012, ko wasa ɗaya bai buga a NHL ba, Suwidin ya nufa ya yi sana'arsa a can. Andy Miele, gwarzon 2011, wasa 15 ya samu. Matt Gilroy na Boston University, wanda aka yi ta kokawa a kansa a 2009 har Rangers ta ba shi dala miliyan 3.5 na shekara biyu, ya yi 'yan shekaru yana yawo tsakanin ƙungiyoyi kafin ya koma gasar Rasha. Waɗannan fa su ne na sahun gaba a shekarunsu. Na bayansu, mafi yawa AHL ce makomarsu, ko ECHL da ke ƙasa da ita, ko Turai.

Ni kuma ban ɗauki hakan a matsayin faɗuwa ba, kuma ina jin zafi in na ji ana kiransu waɗanda suka gaza. Mutumin da ya fita da digiri a hannu, ya yi shekara goma yana cin abinci da wasan da yake so, ya riƙe iyalinsa da shi a Jamus ko Suwidin, me ya rasa? Amma uba irina da ke biyan kuɗin sanda da takalmi yana da haƙƙin ya san cewa wannan ita ce hanyar da aka fi bi, kuma shafin ya nuna mini ita ba tare da kwaskwarima ba.

Akwai dabara guda da na koya wajen karanta shi, wadda nake ganin ita ce ta fi komai amfani: kada ka dubi maki kafin ka dubi ranar haihuwa. Da yawa daga yaran nan sai sun kai 20 ko 21 suke shiga jami'a, bayan sun gama gasar matasa, don haka a ajin ƙarshe suna da 24 ko 25, suna karawa da 'yan 19. Babba a cikin yara dole ya yi fice. In ka ga wanda shekara uku yana jan ƙafa, sai a ta huɗu makinsa ya yi tsalle, ka yi hattara da zumuɗi. Wanda ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne wanda tun kafin ya kai ajin ƙarshe aka fara neman sa, irin Chris Tanev da ya yi shekara ɗaya tak a jami'ar RIT Vancouver ta ɗauke shi a 2010, ko Torey Krug da Boston ta janye daga Michigan State a 2012 bai kai 21 ba. Shekarun suna shafar kwantiragin ma: ɗan 18 zuwa 21 shekara uku ake ba shi, ɗan 22 ko 23 shekara biyu, ɗan 24 shekara ɗaya. Wato wanda ya fi jimawa a makaranta shi ne ke da ƙarancin lokacin nuna kansa. Kuma kwantiragin mai fuska biyu ne. In yana sama, mafi ƙarancin albashin NHL ya kai dala 775,000 a kakar 2024-25. In aka tura shi AHL, abin da zai karɓa bai kai dala 100,000 ba. Ƙungiya ba ta yi asarar komai ba sai gurbi ɗaya cikin kwantiragi 50 da doka ta yarda ta riƙe, shi ya sa suke ɗibar yaran nan kowace bazara ba fargaba. Kasadar tana kan yaron.

Wani abin da nake yi kuma shi ne buɗe jerin 'yan wasan ƙungiyar da yaro ya zaɓa, da na ƙaramar ƙungiyarta ta AHL, in ƙirga mutum nawa ne a gabansa a gurbinsa. Tunda shi ke da zaɓi, wanda ya yi wayo yakan nufi inda layi bai yi tsawo ba. Collin Graf na jami'ar Quinnipiac ya zaɓi San Jose a 2024 lokacin da take can ƙasan tebur, kuma cikin kwanaki ya fara buga wasan NHL.

Game da kuɗi: duk abin da na lissafa a sama kyauta ne, sai dai ka haƙura da tallace-tallace. Akwai na biya da suke kira Premium, wanda ke cire tallan ya kuma buɗe maka rubuce-rubucen masu sa idonsu da kundin da suke fitarwa kafin zaɓen kowace shekara. Rubutun masu sa idonsu yana da nauyi, domin su suna zama su kalli yaro su gaya maka yadda yake juyawa a kan takalmi da yadda yake karanta wasa, abin da lambobi ba za su taɓa nunawa ba, alhali saurin ƙafa shi ne abin da ya fi tare wa yaran jami'a hanya in sun hau sama. In ɗanka ya kai shekarun neman makaranta, ko kai mai horarwa ne, biyan ya dace. In kallo kawai kake yi kamar yawancinmu, na kyautar ya ishe ka har ya yi saura. Shafin da Turanci yake, amma tunda galibinsa lambobi ne da sunaye, wanda Turancinsa bai yi nisa ba ma zai gane kansa da zarar ya riƙe gajerun haruffan da ke saman tebur: yawan wasa, ci, taimako, jimillar maki, mintunan hukunci. A waya teburin yana da faɗi, ka kwantar da ita a gicciye ya fi daɗin karatu. Don filla-fillar albashi da sharuɗɗan kwantiragi kuwa nakan haɗa da shafin PuckPedia, tun da Washington Capitals ta sayi takwaransa CapFriendly aka rufe shi a 2024.

Yanzu ma ne za a fi bukatar irin wannan shafi. A Nuwamba 2024 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta ɗage haramcin da ta daɗe da ɗora wa yaran manyan gasannin matasa na Kanada, daga Agustan 2025 suka samu damar shiga jami'a su yi wasa, har fitaccen matashin nan Gavin McKenna ya bar ƙungiyar Medicine Hat ya koma jami'ar Penn State. A ganina wannan zai matse wa yaro irin Whitecloud, mai fitowa daga ƙaramar gasar jiha, domin gurbin da da zai samu a makaranta yanzu akwai mai gogayya da shi daga ƙungiyoyin babbar gasar matasa irin su Brandon Wheat Kings ko Regina Pats. A gefe guda kuma, ɗan shekara 20 da ya gama gasar Kanada ba a zaɓe shi ba ya samu ƙarin shekaru na girma a gaban masu farauta, maimakon ya tafi ECHL kai tsaye. Abin da zan riƙa dubawa a watan Maris ɗin shekaru masu zuwa shi ne layin da ke saman sunan jami'a a shafin kowane yaro da ya sa hannu, in ga daga wace gasa ya fito.